Surukai Biyu da Tagar Falo

Shekarar da Baba ya dawo gidan Auta da zama, ita ce shekarar da mijinta ya ƙudurta a ransa cewa sanyi ba zai sake shammatarsa ba.

Mijin nata a kantin magani yake aiki, kuma rabin maganin murar da ake sayarwa a kantin shi yake shanye shi. Mutum ne da ko firij aka buɗe kusa da shi sai ya yi atishawa. Baba kuwa, mahaifin Auta, gashin burodi ya yi tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka gaza. Yakan ce zafin da ya sha a bakin tanderu ya ishe shi har ƙarshen rayuwa, abin da ya rage masa a duniya yanzu iska ce. Ranar da aka kawo shi, kafin ya tambayi inda banɗaki yake, sai da ya bi tagogin ɗakinsa ya wangale su duka.

Gidan tsoho ne, ba laifin mijin ba ne kaɗai. Tagoginsa na ƙarfe sun ɗan karkace, ko an rufe su sai ka ga labule yana rawa, ƙasan ƙofar falo kuwa ɓera mai ƙiba zai wuce bai sunkuya ba. Wata Asabar mijin ya dawo da kaya niƙi-niƙi: naɗin soso mai gam a baya, leda mai kauri, gwangwanin gam, robar toshe ƙasan ƙofa, da wasu labulaye masu nauyi kamar bargo. Ya zaunar da Auta ya yi mata bayani cewa abin da ya hana sanyi shiga shi zai hana zafi shiga idan lokacinsa ya zo, aiki ɗaya riba biyu. Sannan ya kunna kyandir da rana tsaka, ya riƙa bin gefen tagogi da shi, duk inda harshen wutar ya karkata sai ya dangwala alli a wurin yana gyaɗa kai kamar ya kama ɓarawo.

Auta ɗinki take yi a kusurwar falon. Daga kan kekenta take kallon komai, kuma tun a ranar ta san da sauran rina a kaba, domin mutanen nan biyu ba sa iya yi wa juna magana. Mijin yana jin nauyin Baba sosai. In sun haɗu a baranda sai ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya sa masa albarka, shi ke nan zance ya ƙare. Duk abin da ya wuce gaisuwa, ta hannun Auta yake bi.

Da aka gama toshe falo da ɗakin girki, Baba ya kira ta ɗakinsa. Ya ce ta tambayar masa mijinta ko burodi yake shirin gasawa da su, don shi ya san tanderu in ya gan shi, abin da ya rage kawai a shafa musu mai a jera su a faranti. Auta ta ce to. Da yamma mijin ya tambaye ta ko Baba ya ce wani abu game da aikin. Ta dubi fuskarsa, ga gam a gemunsa, ga ɗan yatsa naɗe da filasta, sai ta kasa. Ta ce Baba ya ce gidan ya yi ɗumi sosai, har ya tuna masa da ƙuruciyarsa.

Mijin ya ji daɗi, bakinsa har kunne. Washegari ya jira Baba ya fita miƙe ƙafa, ya shiga ɗakin tsohon ya liƙe masa tagoginsa da soso ninki biyu, don girmamawa.

Baba ya dawo ya ga aikin. Ya dai zo ya ari ƙaramin almakashin Auta, wai zai gyara gashin baki. Kafin la'asar soson ɗakinsa ya koma tsumma, kuma tun da hannu ya riga ya saba, ya ɗan taɓa na tagar baranda ma.

Mijin ya dawo aiki ya ga ɓarnar. Da farko ya zargi gam ɗin, ya ce jabu aka ba shi. Da ya duba da kyau ya ga sawun almakashi, sai ya ja Auta ɗaki ya rage murya. Ya ce don Allah ta lallaɓa ta gaya wa Baba ya daina kankare soson nan, shi fa ƙirjinsa ba ya ɗaukar iska, in ya kwanta ciwo wa zai riƙe gidan. Auta ta ce to. Ta je ta sami Baba yana fifita da kwalin sabulu, ta zauna, ta yi ta juya maganar a baki ta rasa ta inda za ta fito da ita. Daga ƙarshe ta ce mijinta ya ce a gaya masa ya saki jiki, gidan nan gidansa ne.

Baba ya ce yaron nan ɗan albarka ne, dama ya san zai gane kuskurensa.

Daga nan aka shiga wani irin zama. Mijin ya liƙe da safe kafin ya tafi kanti, Baba ya ɓare da hantsi. Mijin yana ganin tsufa ne, Baba yana mantawa da saƙon da aka ba shi, don haka yake ƙara haƙuri da ƙara gam. Baba kuma yana ganin yaron ya riga ya tuba, kunya ce ta hana shi cire abin da hannunsa, don haka yake taimaka masa. Kullum in sun haɗu gaisuwarsu sai ƙara tsawo take yi. Auta ce kawai ke ramewa. Almakashinta ya dakushe, gam ya ɓata mata yadin wata mata, ga shi kowane ɗayansu in ya gan ta sai ya yi mata godiya.

Ranar da asiri ya tonu, mijin ba ya zuwa aiki. Ya yanke shawarar liƙe babbar tagar falo ta waje, inda hannun Baba ba zai kai ba. Ta bayan gidan ƙasa ta yi gangare, sai da ya kafa tsani, ya hau da leda a kafaɗa da gwangwanin gam rataye a wuya. Auta tana ɗakin girki. Baba kuwa ya fito falo ya ji iska ta tsaya cik, ya nufi tagar, ya yaye labule, ya sa ƙarfinsa na mai murza ƙullu ya tura.

Tagar ta buɗe ta tsaya daidai hancin mijin. Suka dubi juna, ɗaya da almakashi, ɗaya da burushin gam.

Abin da ya fara zuwa wa mijin shi ne bai gaishe da Baba ba tun safe. Ya ce, "Baba, ina kwana," kuma jikinsa ya yi abin da ya saba, ya tafi zai durƙusa. A kan tsani ba a durƙuso. Tsanin ya yi gefe, shi ya yi gefe, ya sauka zaune cikin bahon da Auta ta jiƙa tsofaffin labulayen da aka cire, ledar ta biyo shi ta rufe masa kai.

Auta ta fito da gudu ta tarar da Baba ya zuro rabin jikinsa ta taga yana tambaya ko an karye. Ba a karye ba. Mijin ya yaye ledar, ruwa na ɗiga daga gemunsa, kuma wataƙila sanyin ruwan ne ya wanke masa kunya, don a karon farko ya yi wa surukinsa magana kai tsaye.

"Baba, ka yi haƙuri, amma na ce a roƙe ka ka bar soson nan."

"Ni? Ce mini aka yi gidana ne, in saki jiki. Kai ba a gaya maka na ce za ka gasa mu ba?"

"Ce mini aka yi ka yaba."

Suka juya gaba ɗaya suka dubi Auta. Ta ce tukunyarta na ƙonewa, ta koma ciki, alhali ba ta ma kunna wuta ba.

Ta tagar ɗakin girki ta riƙa jiyo su. Baba ya zagayo ya kawo wa mijin tawul, suka zauna a kan bulo, aka fara da ba wa juna haƙuri, aka gangaro kan taga. Baba ya ce a gidan burodi ya koyi cewa zafi sama yake hawa, in ba a ba shi ƙofar fita ba sai ya zauna a kan mutane. Mijin ya ce shi kuma sanyi ta ƙasa yake rarrafowa. Suka ga ashe ba ma a wuri ɗaya maƙiyansu suke ba. Aka yi sulhu: a toshe ƙasan ƙofofi da gefen tagogi, a bar ƙananan tagogin sama suna buɗuwa, ɗakin Baba kuma kada wanda ya sake kai masa gam.

Mijin ya yi murar da ya saba, har da ƙari. Baba ne ya yi jinyarsa, yana kai masa ruwan zafi yana zama a bakin gado, kuma a nan suka gano suna son hira. Da sanyi ya kankama falon ya yi daɗin zama, har Baba yakan fito da bargonsa ya ce labarai ya zo ji a rediyo.

Auta ta ɗauka ta huta, tun da an sauke ta daga aikin kai saƙo. Sai dai yanzu ba a neman shawararta a komai. Sanyi bai gama tafiya ba ta jiyo su a baranda suna tsara yadda za su tari zafi: a shafe rufin gidan da farin fenti, a kafa rumfa ta yamma, a huda bango a sa wata taga. Mijin ne zai hau rufin, Baba zai riƙe masa tsani da gwiwoyin nan nasa.

Da hantsi, mijin yana kanti, Baba yana gyangyaɗi, Auta ta kinkimi tsanin ta kai gidan maƙwabciyarta. Matar ta ce ita ba ta aiko aron tsani ba. Auta ta ce ta sani, ta dai ɓoye mata shi a bayan ɗaki, in an zo tambaya maƙwabciyar ta ce nata mijin ne ya tafi da shi wurin aiki.