Mai Taka Birki

Da hantsi ne, ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke, amma gari bai washe ba. Haladu ya jingine mashin ɗinsa a ƙofar gidan su Musaddiq a Birnin Kudu, ya karkaɗe taɓon hanyar Kangire daga ƙafar wandonsa. Sabuwar shadda ce a jikinsa. Yau ne abokin nasa zai je Gwaram gaida iyayen Khairiyya, yarinyar da zai aura, kuma tun tuni ya ce da Haladu za su.

Motar tana gindin darbejiya a kan jak, 'yar ja mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta masu son gudu. Tun da Musaddiq ya sayo ta a Kano bai yarda bakanike ya taɓa ta ba, shi yake gyara abarsa a gida. Aiki ɗaya ne dai ya fi ƙarfin mutum ɗaya, wato cire iska daga birki. Duk ranar da za a yi shi, sai Haladu ya zauna a ciki yana takawa, Musaddiq na ƙasa yana sassauta wani ɗan noti yana ɗaurewa, yana cewa taka, riƙe, saki. A tsakanin wannan taka da saki ne Haladu ya fara jin sunan Khairiyya, kafin kowa ya ji. Jiya aka ce masa birkin ya yi laushi, shi ya sa yau ya yi sammako.

Ya naɗe hannun riga zai buɗe ƙofa, Musaddiq ya ce ya bari, ba sai ya wahala ba. Ya nuna masa sababbin notuna masu ƙyalli da ya ɗaura a bayan tayoyin. A cikin kowanne, in ji shi, akwai ɗan ƙwallo mai barin mai da iska su fita, ya hana iskar komawa. Mutum ya sassauta shi, ya sa tiyo a gora, ya shiga ya taka da kansa, shi ke nan. Munzali ne ya yi masa odarsu ta waya, abokin aikinsa na sakatariya.

Haladu ya ce lallai abin ya yi kyau. Bai rufe baki ba sai ga Munzalin ya fito daga zaure riƙe da ƙullin goro, cikin shadda ruwan toka. Irinta ce sak take rataye a goge a reshen darbejiya, tana jiran Musaddiq.

"Malam Haladu, an yi maka ritaya ke nan," in ji Munzali yana dariya.

Haladu ya dubi abokinsa, ya ce a hankali, "Na ɗauka ni ne ɗan rakiya."

"Haba Haladu, kujerar ɗaya ce." Musaddiq bai ɗago daga tayar ba. "Baban nata tsohon ma'aikaci ne, Munzali ya san yadda ake magana da irinsu. Kai ai ɗan gida ne."

Haladu ya ce haka ne, ba komai, Allah ya kai su lafiya.

Bai tafi nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon Musaddiq yana shiga yana fita shi kaɗai, kumfa tana bin tiyo tana gangarawa gora. Ba wanda ya ce taka, ba wanda ya ce saki. Can ya lura ƙafarsa ta dama tana danna taɓo tana ɗagawa, sai ya janye ta.

Da aka gama, Musaddiq ya ƙara man birki a gurguje, ya rufe gaban motar, ya shige wanka. Munzali ya koma zaure yana waya.

A nan ne Haladu ya ga man da ya zube yana tsiyaya a kan jan fentin, sama da tayar gaba. Musaddiq da kansa ya taɓa gaya masa cewa man nan cin fenti yake, in an bar shi. Ya ɗauko buta ya zuba ruwa. Ya duba, duk tsummokaran wajen sun yi baƙi da mai, sai ya zaro sabon hankicin da ya saya don tafiyar, ya goge wurin sannu a hankali har ya bushe.

Ya mayar da butar inda take. Ya tura mashin ɗinsa sai da ya kai bakin titi, sannan ya tayar.