Tafiyar Shekara Wankan Jego Abijan

Da labari ya iso Matameye cewa Najaha ta sauka lafiya a Abijan, an samu namiji, Malam Lawwali tela ya ture keken ɗinkinsa ya nufi gida da saurinsa. Najaha ita ce autarsu, mijinta Marwan yana kasuwancin fata a can. Marwan ya bugo waya ya ce ya yanki biye, wato tikiti, uwarta Shekara za ta zo wankan jego ta jirgin sama.

Shekara ba ta taɓa wuce Damagaram ba. Shi kuwa Lawwali ya san Abijan tun yana saurayi, a bayan kamyon, babbar motar albasa, ya je, ya kwana a hanya har ya daina ƙirga. Don haka da surukin ya ce daga filin jirgin Yamai zuwa na Abijan bai cika awa biyu ba, sai ya karɓi wayar.

"Marwan, kilomita nawa ne?"

"Dubu da ɗoriya, Baba."

"To ko dai gari ya matso bayan tahowata?"

Bai yarda ba. Ya sayo kilishi, ya sa aka daka dakuwa, ya ɗinka mata 'yar jakar wuya ta sa fasfo. Shekara tana kallonsa tana dariya, amma a tasha da za ta shiga kar, motar fasinjan Yamai, sai ta riƙe hannun rigarsa.

"Malam, ina tsoron abin nan."

"In ya tashi ki rufe ido ki yi ta salati. Ni ma ina nan ina yi."

Hanyar Yamai ta cinye mata yini guda cur. Washegari bayan azahar ta kira, ta ce sun shiga jirgi, an ce a kashe waya. Lawwali ya zauna bakin shago da carbi. Wani ya kawo wando a rage masa tsawo, ya ce ya dawo gobe. Ko tsuntsu ne ya gifta sai ya ɗaga kai.

Yana dawowa daga sallar la'asar wayar ta yi ƙara. Ya yi wuf ya ɗauka.

"Malam, mun sauka!"

"Kun sauka ina? Lalacewa ya yi?"

"Abijan! Ga Marwan nan, ga Najaha ma ta ƙi zaman gida ta biyo shi. Ban ma rufe idon ba, na ga teku ta taga."

Sai ya ji kukan jinjiri, siriri, kusa da wayar. Ya zauna a kan benci.

"Kana ji?" in ji Shekara. "Na yi sabon miji, ya fi ka gashi."

Lawwali ya share ido da hularsa. "Ki gaya masa aro na ba shi. In an yi arba'in ya maido min matata."