Ƙullin Mushe Direkta

Shekarun farko na ƴancin kai, Nasara sun tattara nasu ya nasu suka bar wa Yamai abubuwa iri-iri, ciki har da kulob ɗin hawan dutse. Wanda ya gaje shi Mushe Hamidu ne, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, direktan wani biro, wato ofishin gwamnati, a unguwar Filato, mutumin da ya yi karatu a Faransa ya dawo da tumbi da son igiya. Kowa a biron ya san abu guda: mai bin direkta hayin kogi ran Lahadi ba a taɓa ɗauke shi daga Yamai.

Yakuba, ɗan Damagaram, ma'aikacin biron ne, kuma raɗe-raɗi ya kai masa cewa za a tura mutum ɗaya Bilma, can tsakiyar hamada. Matarsa Balki na da tsohon ciki, likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti. Shi ya sa bawan Allah, wanda ko katangar gidansu a unguwar Kalley bai taɓa hawa ba, ya nemi shiga kulob.

Mai koyarwa Abdulaye ne, tsohon soja marar fara'a. Ya ce ba mai bin su sai ya iya ƙullin da ba ya kwancewa, ya iya tura jiki da ƙafa maimakon ja da hannu, ya iya riƙe wa ɗan'uwansa igiya. Sannan kafin kowa ya hau, dole abokin hawansa ya duba masa ƙulli. Yakuba ya duƙufa. Ya ɗaure ƙafar gado, ya ɗaure turmi, har Balki ta ce idan ya matso kusa da ita da igiyar nan za ta koma gidansu.

Ran gwaji suka haye kogi da kwalekwale, suka taka zuwa wani jan dutse. Yakuba ya hau yana salati, ya sauko gwiwoyi a kuje, aka ce ya yi. Saura riƙe igiya, kuma sai direkta da kansa ya ce shi za a riƙe wa, yau ƙololuwa zai kai.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya buɗe hannuwa a duba. Mataimakinsa ya ce madalla, sauran suka amsa. Yakuba ya duba, sai ya ga irin ɗaurin da ake wa akuya a bakin kasuwa ne. To amma a bironsu ƙaramin ma'aikaci ba ya gyara wa direkta ko waƙafi, magana tana da hanyar da take bi. Sai ya ce madalla shi ma, direkta ya kama dutse.

Yakuba ya raɗa wa Abdulaye. Abdulaye ya ɗaga ido, fuskarsa ta sauya, amma soja ne, bai taɓa tsallake na gaba da shi ba, sai ya je ya raɗa wa mataimaki. Mataimaki ya gyara tabarau ya ce lallai magana ce mai muhimmanci, zai shigar da ita ran Litinin idan direkta ya sha kafe.

Wallahi haka aka yi. Manyan mutane da gemunsu suna tsaye suna kallon tumbin direkta yana ƙara nisa da ƙasa, kowa na jiran wani ya fara. Tsoro ya kama Yakuba sosai, na Bilma da na gawa, ya rasa wanda ya fi. Da ya ga direkta ya wuce tsayin soro, ƙafarsa tana lalube, sai ya buɗe murya.

"Ranka ya daɗe, a sauko! Ƙullin nan na akuya ne!"

Dutsen ya maimaita maganar, masunta a bakin ruwa ma sun ji. Direkta ya sauko a hankali. Ya ɗan ja igiyar da yatsa biyu, ta warware ta faɗi a ƙafarsa. Mataimaki ya shiga kallon sama kamar mai neman wata.

Direkta ya rungume Yakuba a gaban kowa, ya ce ya ci gwaji, daga yau ɗan kulob ne. Yakuba ya koma gida da tsire, ya ce wa Balki ta kwantar da hankalinta, a Yamai za ta haihu.

Ran Litinin direkta ya kira shi, har da ba shi kujera.

"Yakuba, ƙasa sabuwa tana bukatar masu ido da murya irinka. Zunubi ne a ɓoye ka a nan. Na zaɓe ka da kaina, Bilma na jiranka."

"Ranka ya daɗe, iyalina ta kusa sauka."

"Allah ya raba lafiya. Idan namiji ne, ban hana a sa masa sunana ba."

Yakuba ya yi godiya, don haka ake yi. Ya fito ya tsaya a ƙofar biro har rana ta take, yana neman yadda zai shiga gida ya faɗa wa Balki.