Jirgin Muntaka Yana Yoyo

Ranar da Muntaka ya kira ni ya ce ya sayi jirgin ruwa, sai da na sa ya maimaita. Tun muna ɗalibai a Zariya na san mutumin nan, ɗan Daura ne, kuma iyakar hulɗarsa da ruwa wanka da alwala. Amma ga shi ya sayi jirgi mai ɗaki a ciki, da gado, da ɗan kicin, da banɗaki wanda sai ka shiga da baya, ya ɗaure shi a wata tashar ƙananan jirage a bakin kogin Occoquan a nan Amurka, minti goma daga gidansa na Woodbridge.

Ban yi masa faɗa ba, don na san abin da ke cinsa. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa Hasiya, 'yarsu ɗaya kuma tana aiki can Seattle. Lokacin rasuwar mun cika gidan har kwana bakwai, daga nan kowa ya koma harkarsa. Ni ina Laurel, aikin jinya nake yi, kuma tsakanina da shi akwai cunkoson babbar hanyar I-95, wanda ya isa ya raba uwa da ɗa. Ya sha rubutowa a zaurenmu na waya cewa mu zo mu sha iska a kogi. Kowa ya ce in sha Allahu, ni ma na ce da yardar Ubangiji, babu wanda ya je.

Sai wata Laraba ya turo hoto. Ya ɗaga murfin daɓen jirgin, ga ruwa kwance a ƙasa wajen inji, ya kai idon sawu. A ƙarƙashi ya rubuta: "Jama'a, jirgi yana yoyo."

Ka gayyaci mutanenmu shan iska, sai su ce suna da uzuri. Amma jaje ba a ƙin zuwa. Ranar Asabar mutum goma sha ɗaya muka hallara a kan jirgin da aka yi don mutum shida, kowa na cewa, "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya kiyaye gaba." Kafin a gama shan shayi an kafa kwamiti. Dakta Rilwanu, likitan mafitsara daga Greenbelt, shi ne shugaba, tunda a cewarsa duk abin da ke zubar da ruwa ba da son ransa ba fanninsa ne. Injiniya Zulkifilu, mai gina hanyoyi, ya zama mataimaki. Ni aka ba ni tocila.

Dakta Rilwanu ya fara da tambayoyi kamar yana asibiti.

"Alhaji, tun yaushe ya fara? Ɗis-ɗis yake yi ko sha? Akwai wari?"

"Wallahi, Dakta, ni dai ruwa na gani."

"Shekarunsa nawa?"

"Ashirin da biyu."

"A jirgi wannan dattijo ne," in ji shi, ya ciro abin sauraron ƙirji ya manna a bangon jirgin, ya ce kowa ya yi shiru. Muka yi tsit, manya da furfurarmu, muna jira mu ji abin da jirgi zai ce.

Ruwan sama dai an wanke shi daga zargi tun ranar, domin bayan jirgin a lulluɓe yake da rumfar tamfol, ko ɗigo ba ya shiga. Saura biyu, ko kogi ne ke shigowa ta ƙasa, ko tankin ruwan sha ne ya tsage. Muka kwashe ruwan da soso, muka goge wurin ƙarau. Aka yi Azahar, aka ci shinkafa, aka yi La'asar. Da muka ɗaga murfi kafin mu tafi, ga ruwa ya dawo, har ya fi na safe.

Asabar ta biyu mun kai sha shida. Wani ya karanta cewa masu jirage suna barbaɗa hoda a ƙasa, su ga ta inda ruwa ya ja layi. Hoda ba mu da ita, amma Muntaka yana da garin masara. Muka barbaɗe ƙasan jirgin fari fat. Da yamma muka tarar da kunu, kuma sai da muka yi awa biyu muna kankare shi da cokali.

Asabar ta uku ta Injiniya ce. Shi a wurinsa duk duniya rami ce da ke jiran cikewa. Ya zo da kwali guda na roban liƙi, ya bi kowace taga, kowane ƙusa, kowace kafa ya toshe. Har yau tagogin jirgin nan ba sa buɗuwa, ƙofar firij ma da wuƙa muka ɓamɓare ta. Ruwa bai fasa ba.

A nan ne Olive ta shigo maganar. Ita ce mai kula da tashar, wata dattijuwa mai hular kamun kifi da ba ta dariya sai da dalili. Akwai ɗan famfo a ƙasan jirgin da ke tashi da kansa in ruwa ya taru, ya watsa shi kogi, kuma abin da yake watsowa ya fara zuwa da maiƙon inji da guntun kunu. Ta ce ba za ta zuba ido jirgi ya nutse mata a tasha ba. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata mai kamawa. In famfon bai daina tashi ba, za a ciro jirgin a ɗora shi kan tudu, a ba wani gurbin. Muntaka ya ce mata to, amma na ga yadda fuskarsa ta faɗa, na ji tausayinsa har cikin raina.

Sai aka zo kan tanki. Dabarar ita ce a rina ruwan tankin, in ruwan ƙasa ya fito da launi, an kama ɓarawo. Matar Dakta ta dafo zoɓo tukunya biyu, har da citta da kanumfari, don ta ce ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Muka ɗura shi a tanki. Kowane famfo a jirgin ya koma zubar da zoɓo, har na banɗaki. Da lokacin salla ya yi aka yi 'yar muhawara, aka tsaya a kan cewa ba a alwala da zoɓo, sai suka ɗauki butocinsu suka sauka kan gadar katako, inda akwai tiyo.

Da yamma muka ɗaga murfi. Ƙasan jirgi a bushe ƙayau.

Aka yi kabbara, ni ma na ce haleluya. Dakta Rilwanu ya gyara tsayuwa ya yi bayani cewa an daɗe da sanin zoɓo yana sauke hawan jini, to haka ya sauke matsin da ke cikin bututan. Injiniya ya ce ƙarya ne, liƙinsa ne sai yanzu ya kama. Suka yi ta yi har mutanen jirgin kusa suka leƙo. Mako na gaba aka wanke tanki aka zuba ruwa mai kyau, kuma ruwan ƙasa ya dawo kamar ba a yi komai ba. Dakta ya ce an yanke magani da wuri.

Zuwa Asabar ta takwas raina ya gama ɓaci. Na yi musayar aiki da duk wanda zai yarda a asibiti, matata Selina ta fara tambaya ko ni ma ina da kaso a jirgin ne. Wa'adin Olive kuma Litinin. Ranar mun kai ashirin da uku, har da waɗanda ban taɓa gani ba, wani ma daga Baltimore ya zo da kilishi. Da aka kira Azahar na ce yau ba zan zauna gadin takalma ba. Na shiga ɗaki, na cire allon da ke bayan matakala, na kutsa da rarrafe har gefen inji, na kwanta da tocila.

Ban yi minti biyu ba ruwa ya sauko mini a ƙeya. Na haska sama. A kaina daidai murfin daɓe yake, kuma ta gefensa ruwa ke tsiyaya. Ina jin muryoyi a sama, ina jin ƙarar buta, wani na kurkure baki, wani na cewa a miƙo masa in an gama. Wurin ne kowa ke zama ya yi alwala, saboda akwai benci, akwai inuwa, kuma ba sai Turawan tashar sun tsaya kallon mutum yana wanke ƙafa ba. Mutum ashirin da biyu, gaɓa bayan gaɓa, sau uku-uku, duk a kaina. Murfin yana da 'yar kwata a kewaye da ya kamata ta kai ruwan waje ta wani siririn bututu, amma kwatar cike take tana ambaliya. Na kwanta a wurin ina lissafin wankin kofuna da na hannu bayan shinkafa, na tuna ranar zoɓo, na rasa ko dariya zan yi ko ashar.

Na jira sai da aka watse bayan La'asar, aka bar ni da Muntaka muna tattara kofuna. Na ɗaga murfin, na nuna masa kwatar.

"Alhaji, jirginka lafiyarsa ƙalau. Kwamiti ne ke yoyo."

Bai ko sunkuya ba. Ya ci gaba da goge kofin da ke hannunsa.

"Ƙwallon dabino ne ya toshe bututun," ya ce. "In ka leƙa ta nan za ka hango shi."

"Ka sani?"

"Tun Asabar ta biyu."

Na ajiye tocilar don kada in jefe shi da ita. Na ce masa mako takwas, Muntaka. Na ce ka san awa nawa nake yi a hanya? Ka bar mu muka kankare kunu da cokali, ka bar Injiniya ya liƙe maka firij, ka tsaya kana kallo likita guda yana auna ƙirjin jirgi! Jibi za a ɗauke maka jirgin gaba ɗaya, a kan ƙwallon dabino!

"Na sani, Katung."

"To me ya hana ka cirewa?"

"Kullum sai in ce bari a ƙara Asabar ɗaya." Ya ajiye kofin. "Ka ga yau? Har musu aka yi a kan ƙwallon ƙafa. Rabon da in ji ana musu kusa da ni tun Hasiya na da rai."

Na ce ai sai ka buɗe baki ka ce mu zo, mu ba baƙinka ba ne.

"Na ce ku zo," in ji shi. "Sau huɗu."

Kunya ta rufe ni, domin ina cikin waɗanda suka amsa da addu'a suka yi zamansu. Na nemi wayar ƙarfe, na lanƙwasa bakinta, na zura a bututun. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙwallon ya fito, baƙi, ya kumbura. Ruwan kwatar ya yi ƙugi ya zurare kogi. Muka kwashe na ƙasa da soso, muka goge.

"Shi ke nan, ya warke," ya ce a hankali. "Kai za ka gaya musu, ko ni?"

"Bari dai Olive ta gani tukuna."

Ranar Litinin Olive ta leƙa, ta ga wuri a bushe, ta ce jirgi ya zauna. Muntaka ya turo mini saƙo ni kaɗai. Na jira in ga ya sanar a zaure, bai sanar ba, ni ma ban sanar ba. Ran Juma'a Dakta ya rubuto cewa gobe zai zo da sabuwar dabara, kowa ya zo da wuri.

Ni dattijo ne a cocinmu, ni ke koya wa matasa illar ƙarya. Amma ranar Asabar na bar Laurel da sassafe da jarka biyu na ruwa a bayan mota. Na riga kowa isa. Na auna yadda ruwan zai kai a gani amma ba zai ta da famfo ba, na tuttula shi gefen inji, na mai da murfi, na ɓoye jarkokin, na tanadi soson da zan kwashe shi da yamma. Sannan na zauna a benci ina duba waya kamar mutumin kirki.

Wajen ƙarfe goma suka fara isowa, Muntaka a gaba da kular shinkafa, yana tafe kamar wanda za a karanta wa sakamakon asibiti. Aka gaisa, aka taru a kan murfin. Ya tsaya jim, ya buɗe baki zai yi magana, sai Dakta ya ce a ɗaga a gani tukuna. Ya ɗaga.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙafar wandona da ta jiƙe har gwiwa. Na kau da kai ina kallon kogi.

"Jama'a," ya ce, "ya dawo."

Aka ɗauki salati. Injiniya ya ce dama ya faɗa, Dakta ya ce a ba shi wuri, wani ya ce a ɗora shayi tukuna. Muntaka ya wuce kicin da sauri yana share ido da hannun riga, yana tambaya wa da wa ke shan nasa ba sukari.