Wayar da Baba Yake Warwarewa

Tun da idon Baba ya tafi, tambaya ɗaya yake yi mini in na dawo daga aiki: "Yaya muryarsa yau?"

Injin iskarsa yake nufi. Ɗan ƙarami ne mai taya biyu da jan tanki, da shi ya shekara ashirin yana fesa wa ƙofofin ƙarfe fenti. Yanzu ni nake jan sa. Na bar makaranta a aji uku, na taɓa kanikanci, na taɓa ɗinki, babu inda na cika wata shida. Shi ya sa Baba yake ce mini Ƙafar Yawo. Ranar da ya damƙa mini injin, Inna cewa ta yi, "Malam, wannan da ko kujera ba ya bari ta ɗumama?" Baba ya ce, "Ki bar shi. Ni dai kar injin ya yi shiru."

Baba yana da wata ɗabi'a da take ƙona mini rai. Kafin ya kunna, sai ya warware doguwar wayar wuta kakaf daga jikin gangarta, ko da soket ɗin taku biyar ne. Yana jan ta cikin tafin hannunsa sannu a hankali, yana laluben inda ta goge ko ɓera ya taɓa. Cewa yake waya a naɗe zafi take tarawa. Ni kuwa ina tsaye ina tsaki a ciki.

Ranar Laraba na samu aikin ƙofar gidan wata malamar asibiti. Soket yana nan bakin gareji, kusa-kusa. Na ja waya iya abin da zai kai, na bar sauran a naɗe, na kunna. Na ci rabin ƙofar kenan sai na ji injin yana gurnani kamar an shaƙe shi, ga wani wari da ba na fenti ba. Na yar da bindigar feshin na ruga. Saura kaɗan in damƙi gangar, sai na ji kamar Baba yana bayana yana cewa, "Bango tukuna!" Na kashe makunnin bango, na zare.

Robar wayar ta narke, zagaye-zagayenta sun manne da juna. Na zauna a ƙasa ina kallon injin. Ban yi ƙarfin halin gwada shi ba. Na ba malamar haƙuri, na jawo shi gida da rana tsaka.

Baba yana kan kujerarsa a bakin ɗaki.

"Yau da wuri? Yaya muryarsa?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Matso."

Ya kama hannuna ya kai hancinsa.

"Wannan ba fenti ba ne, Ƙafar Yawo. Miƙo mini wayar."

Ya soma jan ta cikin tafinsa, har yatsunsa suka tsaya inda ta narke. Ya daɗe a nan. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

"Wannan ta mutu. Kar ka kuskura ka rufe ta da salatif." Ya laluba injin, ya juya fankarsa da yatsa ɗaya. "Kai shi jikin bango, a jona shi da tasa wayar. Goge hannunka tukuna."

Inna ta fito ta tsaya da tsintsiya a hannu. Na danna. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya ɗauka. Baba ya ɗora tafinsa a kan tankin, ya sunkuyar da kai, bai ɗaga ba sai da iska ta cika injin ya tsaya da kansa.

"Ya wahala," in ji shi. "Amma muryarsa ce."

"Ku da injinku," Inna ta ce. "Ni ko mura na yi ba a tambayar muryata."

Baba bai yi dariya ba, hannunsa yana nan kan tankin. Sai a lokacin na lissafa: wata takwas rabonsa da jin wannan ƙarar, sai dai labarinta a bakina.

Na ce, "Baba, saura rabin ƙofa. Zan ari wayar mai walda, amma ni ban iya duba ta ba."

Ya juya wajen Inna. "Hular nan tawa mai ɗigon fenti, kin jefar?"

"Tana inda ka rataye ta."

Da safe na zaunar da shi a inuwar garejin malamar. Ya warware wayar tun daga farko har ƙarshe, ni ina tsaye da bindigar feshi ina jira. Da ya gama ya ce in jona. Na fara fesawa, yana karkata kunne yana bin hannuna sama da ƙasa.

"Kana sauri a gefen hagu," ya ce. Sai kuma, ƙasa-ƙasa, "Wane launi ne?"

"Shuɗi, Baba."

"Mai duhu, ko irin na sama?"

Na sauke bindigar, na tsaya ina kallon ƙofar, ina neman yadda zan faɗa masa.