Ruwan Yuleidis

"Ci mana, Kawu. Ko kai ma sai an markaɗa maka?"

Yuleidis ce, tana kallon cokalina da ya tsaya a hanya. Shekararta tara, 'yar maƙwabciyata Eufemia. Ni na tsaya mata a coci ranar baftisma, don haka abincin Lahadi a gidansu ya zame mini dole. Shekara biyu ke nan ko ruwa bai wuce maƙogwaron Yuleidis ba. Eufemia takan ɗebi miyar da muke ci, kifi da rogo da ɗanyar ayaba, ta markaɗe ta tace, ta ɗura mata da sirinji ta bututun robar da likita ya dasa mata a ciki. A teburi, tare da kowa. Ta ce ba akuya ta haifa ba balle ta ciyar da ita a turke.

Ranar nan sai robar ta toshe. Eufemia ta matsa, abin ya dawo, toka-toka, da tsami, ya fallatso gefen farantina. Ni, Aristides, da na shekara ashirin ina buɗe bututun masai a garinmu Magangué, na ruga bakin famfo na amayar da duk abin da na ci. Har kaji suka watse.

"Zafin rana ne," na ce da na dawo.

"Zafin rana ne," in ji Eufemia, tana goge teburi.

Yuleidis ta ja riga ta rufe cikinta. "Mama, daga yau a ba ni a ɗaki."

Ba ta sake zama a teburi ba. Eufemia ta tare ni a ƙofa. "Maƙwabci, ka zo ka ci a gabanta, ka yi santi ko na ƙarya ne. In ta gan ka za ta fito."

"Lahadi mai zuwa, ba fashi."

Lahadi huɗu aiki yana taso mini. Masai na mutane, hannu har gwiwa, ko yamutsa fuska ban yi ba. Yuleidis ta rasu wata Laraba da hantsi, a ɗaki.

Wurin zaman makoki matan unguwa suka dafa shinkafa da kaza. Na ci faranti biyu, suka zauna daram a cikina. Har yau in na tuna, wannan ya fi aman ba ni ƙyama.

Da la'asar Eufemia ta miƙo mini kofin gilashi, na ruwan da muke ajiye wa mamaci a ƙarƙashin akwatin gawarsa saboda ƙishin hanya.

"Kai ne ubanta a coci. Kai za ka ajiye mata."

Na zuba rabi, don kada ya zube.

"Cika shi," ta ce. "Yanzu ba mai hana ta."

Na cika har baki. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na tura shi ƙarƙashin farin akwatin. Ruwan ya daɗe yana rawa kafin ya tsaya.