Birkin Ruwan Sabulu

Kamyon Chindo, babbar motar kaya, ya tsaya a Tsarnawa, amma ba Chindo ne ya tsayar da shi ba. Wani tudun yashi a bakin hanya ne ya yi masa wannan alheri. A bayan motar akwai buhu ɗari da ashirin na albasar Galmi da ake jira a Yamai, ita kuwa albasa a zafin bazara ba ta san jira ba.

Barmo bakanike ya iso daga Ƙonni a kan babur da hantsi, ɗauke da famfon birki da ya ciro daga wata matacciyar mota. Famfo dai an samu. Abin da babu a kasuwa shi ne siririn bututun ƙarfen da ke kai mai daga famfo zuwa ƙafafu. Shekara ta biyu ke nan iyakar Najeriya a rufe, kayan gyaran Sakkwato sun zama labari. In bututun nan ya karye, albasa ta ruɓe a inda take.

Notin da ya haɗa bututun da tsohon famfo kuwa ya yi tsatsa, ya kafe, kusurwoyinsa duk sun cinye.

"Wa ya taɓa notin ga?" in ji Barmo.

"Na ɗan gwada shi da filaya."

"Ka gwada shi, ko ka tauna shi?"

Chindo ɗan kawunsa ne, taubashi, saboda haka zagi tsakaninsu halal ne. Barmo ya buɗe murfin famfon, ya tsoma yatsa, ya murza. Sai kumfa.

"Kai, bawana, mi kake zubawa ciki?"

"Ruwan sabulu. Kowa na yi, tun da man birki ya yi wuya. Tun damina nake zubawa, kuma yana kamawa."

"Na gani. Tudun ga shaida ne."

Barmo ya tuɓe riga, ya ɗauko zarto, ya fitar wa notin fuska biyu sababbi. Ya ɗiga masa man birki na gaskiya, wanda notin ya daɗe bai gani ba, ya jira. Ya ari garwashi wurin mai tsire, ya kara a jikin famfon da awartaki, ya naɗe bututun da jiƙaƙƙen tsumma.

"Za ka ƙona mini mota!"

"Da mi? Ruwa na cin wuta garinku?"

Ya yi ta ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Azahar ta wuce. Warin albasa ya fara sauya hali, Chindo ya hau ya sauka sau uku yana shinshina buhuna.

"Yaya Barmo, ka sa ƙarfi mana!"

Yau ya zama yaya. Barmo bai ɗago ba. Ya kama notin da kile, wato sifana, ya ja kaɗan. Notin ya motsa. Chindo ya yi kabbara, amma Barmo ya saki nan take, don ya ga abin da Chindo bai gani ba: bututun na murɗewa tare da notin. Tsatsa ta ɗaura musu aure. Rabin juyi kuma, sai ɓaras.

Ya zauna a kan taya yana kallon notin, gumi na ɗiga daga gemunsa. Bai yi niyyar komawa Ƙonni a ce noti ya kore shi ba. Can ya miƙe, ya kwance kusoshin da suka riƙe tsohon famfon a jikin mota, ya zare shi kaɗan.

"Riƙe notin da kile. Kada ya motsa ko da kunama ta harbe ka."

Chindo ya riƙe. Barmo ya kama famfon gaba ɗaya da hannu biyu, ya fara juya shi. Famfon ya yi ƙara, ya cije, ya sake ƙara, sannan ya fara kwancewa, yana zubar da jan ruwa mai kumfa a ƙafar Chindo. Bututu lafiya lau. Da bakin bututun ya fito fili, Barmo ya ɗiga mai, ya yi ta lallaɓa notin har ya saki bututun.

Kafin la'asar ta yi sanyi sabon famfo ya hau. Chindo na taka birki, Barmo na ƙarƙashi yana fitar da iska ƙafa bayan ƙafa, har ruwan da ke fitowa ya daina kumfa.

Chindo ya tada mota. Barmo ya miƙa hannu ta taga, ya zaro galan ɗin sabulun daga bayan kujera.

"Kai! Guzurina ne, ko za a yi yoyo a hanya!"

"Ga sauran man nan, ya kai ka Yamai. Wanga kuwa ya samu aikinsa."

Ya tsuguna a bakin hanya, ya wanke hannuwansa da shi har gwiwar hannu. Sabulu ne mai kyau.